Furen Wardi a Ƙasar Zafi: Lissafin da Na Yi Kafin a Jinginar da Gona

Ɗan ƙanwata ya dawo daga bautar ƙasa a Jos da takarda mai shafi 12 a jakarsa. Bayan sallar isha'i ya same ni a zaure, ya gaishe ni, ya miƙo mini ita da hannu biyu. Ya ce, "Kawu, ku duba mini wannan. In kun gamsu, so nake ku tsaya mini a banki."

Shirin noman furen wardi ne a gonarmu ta gado da ke yankin Shagari, ba nisa da dam. Zai kafa rumfar leda irin wadda ake rainon shuka a cikinta, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya gina ɗakin sanyi a Bodinga tunda filin jirgin Sultan Abubakar III yana kan hanyarta. Talla kuwa ta Instagram da WhatsApp. Otal-otal da bankuna da manyan ofisoshin Sakkwato za su riƙa biyan kuɗi wata-wata ana kai musu sabon fure duk Litinin, abin da ya rage a ɗora wa jirgi zuwa Abuja. Jinginar bashin ita ce takardar gonar.

Yaron mai himma ne, kuma abin da ya rubuta da idonsa ya gan shi. Ya ga lambunan fure a Filato, ya ga motoci suna ɗauka zuwa Abuja. Ya karanta yadda matasa a Turai da Amurka suke farfaɗo da sana'ar sayar da fure da sababbin dabaru. Na roƙe shi mako guda. Abin da ke biye shi ne lissafin da na yi a makon nan, kuma na rubuta shi ne don na san akwai takardu irin tasa a gidaje da yawa.

Na fara da tambayar inda dabarun suka fito, domin magani yana da ciwon da aka haɗa shi dominsa. A 1992 Amurka tana da shagunan fure sama da 27,000. Cikin shekara 25 adadin ya ragu da kusan rabi. Dalilan a bayyane suke. A 1991 gwamnatin ƙasar ta cire haraji a kan kayan da ke shigowa daga Kolombiya da maƙwabtanta don a janye manoma daga noman ganyen hodar iblis, sai furen Kolombiya mai araha ya cika kasuwa ta filin jirgin Mayami. Manyan kantuna suka fara sayar da damin fure kusa da burodi da madara, a farashin da mai ƙaramin shago ba zai iya bi ba. Sai kuma kamfanonin da ke karɓar oda su tura wa mai shago, waɗanda ke yanke fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin kafin ya taɓa hannunsa. Ko ɗaya daga cikin manyansu, FTD, wanda aka kafa tun 1910, ya shigar da takardar karyewa a watan Yunin 2019. Daga cikin wannan ruɗani ne sababbin dabarun suka fito: biyan wata-wata, sayarwa kai tsaye daga gona ba dillali, da irin abin da kamfanin Bloom & Wild ya fara a Landan a 2013 na shirya fure a siririn kwali da zai shiga ta ramin wasiƙar ƙofa.

Duk waɗannan dabaru faɗa ne a kan mai saye wanda yake nan tun fil azal. Bature yana sayen fure ranar haihuwa, ranar aure, ranar tuna uwa, ranar 14 ga Fabrairu, in ya je dubiya, in an yi rasuwa. Abin da ya sauya kawai shi ne ƙofar da yake bi ya saya. Mu a nan tambayar ta riga wannan: wa zai saya, kuma don wane dalili?

Mu bi rayuwar mutumin Bodinga daga suna zuwa kabari mu ga inda ɗanyen fure zai shiga. Ranar suna rago ne da goro da dabino. Dubiya a asibiti, lemo da ayaba da kankana ake riƙewa, ko a damƙa wa mai jinya ɗan abin sayen magani. Jana'izarmu ba ta da fure, kuma wannan babban rashi ne ga lissafin, domin a ƙasashen da sana'ar ta kafu, makoki yana cikin ginshiƙan cinikin mai shago, ba ya jiran wata ko yanayi. Saurayi in zai burge budurwa, turare ne da atamfa da waya. Ƙamshin ɗakin amarya daga turaren wuta da humra yake fitowa, adonta kuma lalle. Saura biki, kuma lallai biki ya sauya: yanzu a Sakkwato ana kama zauren taro, a ƙawata mazaunin ango da amarya da furanni tun daga ƙasa har sama. Amma je ka taɓa su. Na roba ne da na yadi, 'yan China. Mai ado ta saye su sau ɗaya, ta yi biki hamsin da su, in sun yi ƙura ta wanke ta shanya. Wanda zai kawo ɗanyen wardi yana gasa ne da kayan da ba ya bushewa, ba ya son ruwa, ba ya tsoron a ɗauke wuta. Bukukuwan ma a cunkushe suke zuwa, kafin azumi da bayan salla da ƙarshen shekara, alhali itacen wardi ba ya duba kalanda, kullum sai an yanka.

Ban ce babu masu saye ko kaɗan ba. Akwai coci-coci a cikin gari, akwai iyalan ma'aikata da sojoji da suka zo daga wasu jihohi, akwai 'yan otal, akwai amaren da suka ga hoto a waya suna son riƙe dami na gaske. Sai dai na ƙirga su a raina, ban ga adadin da zai ɗauki nauyin rumfa da ɗakin sanyi da bashi ba. A takardar yaron an rubuta masu biyan wata-wata 40 a shekarar farko. Na tambaye shi ko ya yi magana da ko ɗaya daga cikinsu. Bai yi ba.

To, mu ƙaddara an samu masu sayen. Sai zafi.

Wardi na kasuwa, mai dogon kara da babban kai, yana son rana mai haske da iska mai sanyi, wajen digiri 20 zuwa 28 da rana, da dare kuma ƙasa da haka sosai. Shi ya sa Kenya take nomansa a gefen tafkin Naibasha, wajen mita 1,900 sama da teku, Habasha kuma a kan tsaunukanta. Jos tana wajen mita 1,200. Mu muna wajen mita 300, kuma daga Maris zuwa Mayu zafinmu yana wuce digiri 40 sau da yawa. A irin wannan yanayi wardi ba lallai ya mutu ba, amma kansa zai ƙanƙance, karansa ya gajarce, launinsa ya koɗe, ya buɗe da wuri. Rumfar leda kuwa don tara ɗumi aka ƙirƙiro ta. In ka kafa ta a Shagari a watan Afrilu ba tare da na'urar sanyaya ba, tanda ka gina. Akwai dabarar jiƙa wani bango mai ramuka da ruwa, manyan fankoki suna jan iska ta cikinsa, kuma gaskiya tana aiki sosai a busasshen zafi irin namu. Amma fankokin wuta suke ci daga safe har yamma, bangon kuma ruwa yake sha, sannan in damina ta sauka iska ta yi laima, sanyin da take bayarwa ya ragu. Ƙurar hunturu tana rufe ledar da allunan sola, sai an yi ta wankewa. Guguwar farkon damina, wadda ke kwashe rufin kwano a ƙauyukanmu duk shekara, ba za ta tausaya wa leda ba. Ko ba guguwa, rana tana cin ledar cikin 'yan shekaru, a sake saye. Akwai kuma wani jan ƙwaro ƙanƙani mai saƙa kamar gizo-gizo a bayan ganye, wanda babu abin da yake so kamar zafi da bushewa, kuma wardi abincinsa ne. Maganinsa daga waje yake zuwa.

Kusan komai na wannan rumfa da dala ake sayensa: ledar, bututun ɗigon ruwa, takin da ake narkarwa a ruwa, maganin ƙwari, har da dashen kansa, domin irin wardin kasuwa mallakar kamfanonin da suka ƙirƙiro shi ne, kuma suna karɓar ladansu. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A cikin 2024 ta haura 1,500. Farashin da ke cikin takardar yaron daga wani tsohon talla ya kwaso shi.

Ruwa ma yana da nasa shafin. Masu bincike a Jami'ar Twente ta ƙasar Holan sun ƙiyasta cewa kara ɗaya na wardi a Naibasha yana cin lita 7 zuwa 13 kafin a yanke shi, kuma can ba a zafi irin namu. Ruwan samanmu na wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran wata takwas daga dam ko daga ƙarƙashin ƙasa za a jawo, da injin da ke shan fetur ko da sola mai tsada. Litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati kafin 29 ga Mayun 2023, amma kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Duk mai noman rani a fadamunmu ya san abin da wannan ya yi masa. Bambancin shi ne mai albasa yana ban ruwa na wata uku ko huɗu ya cire abinsa ya huta, mai wardi kuwa ba shi da ranar hutu har tsawon shekarun da itacen zai yi.

Inda na fi daɗewa shi ne ɗakin sanyi, don a nan ne na ga shirin zai iya mutuwa a dare ɗaya. Furen da aka yanka abu ne mai rai da ke kan hanyar mutuwa, sanyi ne kawai ke rage masa sauri. Ana so ya shiga digiri 2 zuwa 4 jim kaɗan bayan yanka, ya zauna a haka har ya kusa hannun mai saye. Mu ɗauka ƙaramin ɗaki ne da injinsa ke jan kilowat 3. A awa 24 ya ci yunit 72. A watan Afrilun 2024 an mai da yunit ɗaya naira 225 ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20, daga baya aka ɗan rage. A wancan farashi kuɗin wutar yini ɗaya naira 16,200 ne, na wata kuma 486,000, wato kusan albashin ma'aikata bakwai a mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Wannan fa in akwai wutar ke nan. Wanda yake zaune a Bodinga ko Sifawa ko Dancadi ya san awa nawa yake ganin ta. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda a duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Mai sayar da ƙanƙara ya yi asarar cinikin mako. Mai fure da ya yi asarar kayan da ke ɗakin gaba ɗaya, da amanar masu biyan wata-wata, waɗanda ba za su karɓi uzuri ba tunda sun riga sun biya. Don haka dole a sa janareta da man dizal a lissafi, ko sola mai batura da za su riƙe ɗakin har asuba, kuma baturan su ma zafi yana rage musu kwana.

Batun jirgi gajere ne. Furen Kenya yana tafiya ne a jiragen dakon kaya da ke tashi daga Nairobi kusan kowane dare zuwa Holan, inda babbar kasuwar gwanjon fure ta Alsmiya take. Namu filin jirgin na fasinja ne da alhazai. Kwalin fure zai jira a zafi, kuma in an ɗage tashi ko an soke saboda ƙurar hunturu, shi ke nan. A mota kuwa Abuja ta fi kilomita 600, ta hanyar Gusau da Funtuwa wadda direbobi ba sa son bi da dare saboda 'yan bindiga, alhali dare ne lokacin da ya dace da kayan da ke gudun rana. In an isa, mutumin Jos ya riga ka, tafiyarsa ba ta kai rabin taka ba, kuma sanyin da kake saye da dizal shi kyauta Allah ya ba shi. Ko waɗanda suke da komai ba su tsira ba: a watan Maris na 2020, da annobar korona ta rufe Turai, manoman Holan da na Kenya sun zubar da miliyoyin furanni a juji don babu inda za a kai su, kuma ba a ajiye su.

Sai uwa uba, bashin. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba ƙaramin ɗan kasuwa. In aka ci naira miliyan 10 a kan kashi 30, ruwan kaɗai miliyan 3 ne a shekara, wato 250,000 duk wata, kafin a taɓa uwar kuɗin, kuma agogon yana fara bugawa tun watannin da dashen bai fara fure ba. Na bar maganar hukuncin riba ga malamai, ko da yake a gidanmu ba ƙaramar magana ba ce. Yaron ya ce akwai rancen gwamnati mai sauƙi. Akwai, amma mun ga yadda na baya ya ƙare. Shirin ba manoma rance da aka ƙaddamar a maƙwabciyarmu Kebbi a Nuwamban 2015 ya raba fiye da naira tiriliyan ɗaya. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 kawai aka biya, Babban Banki ya ce kashi 52 ne. Ko wanne ka ɗauka, galibi shinkafa ce fa aka noma da shi, abin da kowa ke ci, ta kasa mayar da kuɗin. Gonar da za a jinginar kuma ba ta mutum ɗaya ba ce. Akwai gwaggonninsa biyu da rabonsu ke ciki, kuma daga ita geron gidansu yake fitowa.

Akwai wani farashi da ba a cika rubutawa ba, wato abin da filin da ruwan za su iya bayarwa in an bar su a kan abin da aka sani. Albasa tana da nata baƙin cikin, tana ruɓewa a rudu, farashinta yana faɗuwa lokacin kaka. Amma tana jure makonni da watanni, tana da dillalai da ke zuwa har bakin gona, tana tafiya Legas da Fatakwal da ƙasashen maƙwabta a buɗaɗɗiyar mota, in ta ƙi sayuwa kuma a ci a gida. Wardin da bai sayu ba ranar Alhamis, ranar Lahadi shara ne.

A tsakiyar makon ne na lura cewa mun daɗe muna cinikin fure a ƙasar Hausa, sunan ne ba mu ba shi ba. Soborodo, wanda wasu ke kira zoɓo, ƙoƙon furen yakuwa ne, jan kwanson da ke rage bayan furen ya faɗi. Ana shuka shi da damina, sau da yawa a kan iyakar gona ko a tsakanin gero, ba ya neman ban ruwa, a cire shi da kaka, rana ta busar da shi kyauta, ya zauna a buhu wata da watanni. Ganyensa miya, 'ya'yansa gurguzu a yi daddawar batso. Jigawa ce kan gaba a nomansa, kasuwannin Maigatari da Dawanau ne manyan matattararsa, daga nan kwantena zuwa Meziko inda suke shan sa kamar yadda muke sha, da Turai inda ake haɗa shi a ganyen shayi. Duk abin da ke kashe wardi a Shagari, zafi da bushewa da nisa, soborodo bai damu da shi ba.

Amma shi ma sai an yi masa lissafi, don kada in cire yaro daga rami in jefa shi a wani. Ɓarewarsa aiki ne mai cin hannu, mata da yara ke yi, ladansu kaɗan. In aka shanya shi a ƙasa ya kwashi yashi, farashinsa ya faɗi. Manomi ba shi ke yanka farashi ba, dillalin da ke da labarin kwantena ne, kuma shekarar da ya yi tsada kowa zai shuka, ta gaba ya karye. Mafi muni, kasuwar ta fi dogara da mai saye ɗaya. Bayan cinikin 2017 Meziko ta rufe ƙofarta saboda ƙwaron rumbu da aka samu a cikin kaya, ba a sake buɗewa ba sai bayan wasu shekaru, da sharaɗin a riƙa yi wa kayan feshin hayaƙi a wuraren da hukumar killace kayan gona ta amince da su. Waɗanda suka tara buhuna a shaguna a wancan lokaci sun ji jiki. Duk da haka, wanda ya yi asara a soborodo buhunsa yana nan yana jiran wata kasuwa, kuma bai jinginar da gona ba kafin ya shuka.

Bayan masu soborodo, sai masu rainon dashe a bakin titi, waɗanda mutanen gari ke kira masu fulawa. Jarinsu baƙar leda, taki, ƙasa, inuwa da ruwa. Kayansu a cikin tukunya yake da saiwarsa, in bai sayu yau ba gobe ya ƙara girma ya ƙara kuɗi. Suna sayar da dogon yaro, mangoro mai aure, gwaiba, lemun tsami, zogale, da furannin shinge masu jure rana ga masu sababbin gidaje da makarantu. Har kariya, wadda ke fitar da jan fure da rani a dajinmu babu mai kula ta, masu lambu a Tailan sun mai da ita hajar duniya, suna aurar da iri-iri suna sayarwa a tukwane. Mu da take tsirowa a bayan gidanmu ba mu ɗauke ta a bakin komai ba. Sai dai a kula da ruwan jikinta, guba ne, a nisanta ta da yara da dabbobi.

Buƙatar itace kuwa a yankinmu ba ta ado ba ce kawai. A watan Mayun 2023 yara aƙalla 15 sun rasu a ruwan Shagari lokacin da kwalekwale ya kife da su, suna kan hanyar tsallakawa neman itacen girki. Allah ya jiƙansu. Duk lokacin da na ji ana maganar abin da ya kamata a shuka a gefen wannan ruwa, su nake tunawa. Sakkwato tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa da aka kafa wa hukuma a 2015, tana kuma cikin shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disamban 2021, kuma duka biyun suna buƙatar dashe mai yawa. Sai dai wanda zai dogara da kwangilar hukuma ya san cewa samunta sai da hanya, biyanta yana iya jinkiri, kuma dashen da aka raina tun Maris in ba a ɗauka ba a Yuli, ban ruwan wata shekara ya hau kansa. Gara ya gina cinikinsa a kan mai gida da ke son mangoro biyu a tsakar gida, kwangila in ta zo ta zama ƙari.

Ranar da mako ya cika na mayar masa da takardarsa, gefen kowane shafi cike da rubutun fensir. Na gaya masa ba zan sa hannu a jinginar gonar ba. Na ce in yana son ya san gaskiyar kasuwar, akwai hanyar da ba ta buƙatar bulo ko ɗaya: ya zagaya otal-otal da ofisoshin da ya lissafa, ya nemi goma su biya kuɗin wata uku a gaba, sannan ya riƙa sayo furen daga abokansa na Jos a watannin hunturu yana kai musu, yana rubuta nawa ya iso da rai, nawa ya bushe a hanya, wa ya sake biya. Kuɗin motar wannan gwaji ni zan ba shi. Na kuma ba shi filin bayan gidana da rijiyar da ke ciki in yana son gwada dashe da kariya, da iyakar gonar in damina ta faɗi ya zuba yakuwa.

Ya daɗe yana juya shafukan. Sannan ya ce, "Kawu, duk abin da kuka rubuta na yarda da shi, amma akwai abin da ba ku sa ba. Lokacin da kuka yi aure babu mai yanka kek a Sakkwato, babu mai kama zauren taro. Yanzu mata nawa ke ci da waɗannan sana'o'i? Wani ne ya fara lokacin da babu mai saye."

Gaskiya ya faɗa, kuma na gaya masa haka. Na ce mai kek ta fara ne da murhun gidansu da kwano ɗaya na fulawa, ranar da ba oda ba ta kunna wuta. Ya yi shiru, ya ce zai fara da otal-otal ɗin da ke cikin gari ranar Litinin, kuma yana so in ba shi aron babur. Na ba shi makullin. Mun yi da shi bayan babbar salla zai kawo mini littafin da ya rubuta sunayen waɗanda suka biya.